Yadda za ku tsara cin abinci a Disney World a makon Kirsimeti

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu shida ne za mu je Disney World da ke Florida daga 22 zuwa 28 ga Disamba: ni da maigida, yaranmu uku masu shekara 11 da 7 da 2, sai surukata da za ta zo daga Kano, tana da ciwon suga. A Houston muke zaune, kuma wannan ne zuwanmu na farko. An ce mini wurin cika yake yi maƙil a wannan makon. Yaya za mu yi da abinci, musamman na halal, ba tare da kuɗinmu da lokacinmu sun ƙare a layi ba?

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Allah Ya kawo Hajiya lafiya, Ya ƙara mata sauƙi. Shirya wa iyalai tafiya zuwa Orlando, birnin da Disney World ke kusa da shi, sana'ata ce, kuma abin da aka gaya miki gaskiya ne. A duk shekara babu lokacin da Disney World ke cika kamar daga jajiberin Kirsimeti zuwa sabuwar shekara, domin makarantun Amurka duk suna hutu, ga baƙi daga ƙasashen waje. An sha samun shekarun da Magic Kingdom, ɗaya daga cikin wuraren wasa huɗu na Disney World, ya dakatar da shigar mutane a ranar 25 ko 31 ga Disamba saboda wuri ya cika. Abinci kam ba ya yankewa a ciki, ko ina kika juya ana sayarwa. Wurin zama da lokaci su ne ke wuya. Tsakanin ƙarfe 12 da 2 na rana dubban mutane ke jin yunwa tare, su nufi gidajen abinci tare, sai ki ga iyali riƙe da faranti suna zagaye suna neman kujera, yara na kuka, abincin na hucewa. Duk shawarar da zan ba ki a kan abu ɗaya ta ginu: tun daga gida ku yanke lokacin da za ku ci da inda za ku ci, kuma kada lokacin ya zo ɗaya da na jama'a.

Mu fara da masauki, domin shi ne rabin maganar. Otal-otal ɗin Disney suna da amfaninsu: ana barin baƙinsu su shiga wuraren wasan minti 30 kafin kowa, kuma suna da fifiko wajen kama tebur, zan zo kan wannan. Duk da haka, iyali irin naku ni gida mai kicin nake zaɓa musu, irin gidajen hayar da suka cika yankin Kissimmee. Dattijuwar da ta taso daga Kano za ta yi haƙuri da soyayyen dankali da burodi rana ɗaya, ta biyu kuwa za ki ga tana tsakura tana turewa, kuma mai ciwon suga ba a so ya riƙa tsallake abinci. In kuna da kicin, da safe ku ci mai nauyi kamar masu sahur, ƙwai da doya ko wake ko kunu da ƙosai, da dare kuma a samu tuwon da za a kwana da shi. Garin tuwo da kuka da daddawa da yaji ki taho da su daga shagunan 'yan Afirka na Houston, inda kin riga kin san hanya.

A nan sai na tsaya kan tsarabar Hajiya. Ki roƙe ta da girmamawa kada ta sako kilishi ko dambun nama a kaya, duk da na san don jikokinta za ta yi. Kwastan na Amurka ba sa barin nama daga Najeriya ya shigo, ko busasshe ne. Duk wani abin ci da ta ɗauko, ko yaji ne ko busasshiyar kuɓewa, ta bayyana shi a filin jirgi jami'i ya duba. Wanda ya bayyana, iyakarsa a karɓe abin da bai halatta ba. Wanda ya ɓoye aka gano shi ake ci tara.

Cefane ku yi shi ranar da kuka sauka, kada ku ce sai gobe. Manyan shaguna irin su Publix da Walmart a rufe suke ranar 25 ga Disamba, kuma da wuri suke tashi ranar 24. Iyalai da yawa kan manta da wannan, su wayi gari ranar Kirsimeti babu burodi babu madarar yaro. Naman halal akwai masu sayar da shi a Orlando da Kissimmee, ki nemi na kusa da masaukinku a taswirar waya, ki kira ki ji lokutan buɗewarsu na makon. Ki soya kaji da nama masu yawa a daren farko ki zuba a firji, za su yi muku kwanaki.

Abin da baƙi da yawa ba su sani ba shi ne Disney na barin mutum ya shiga da abincinsa da abin shansa, in dai ba giya ba ce. Sharuɗɗan kaɗan ne. Ba a shiga da kwalba ko mazubin gilas, sai ƙananan kwalaben abincin jarirai. Ba a shiga da ƙanƙara a warwatse cikin kula, don haka ki daskarar da robobin ruwa su zama su ne ƙanƙarar, in sun narke ku sha. Kula ko jaka kada ta wuce inci 24 a tsawo, 15 a faɗi, 18 a tsaye. Kuma abincin ya zama wanda ba ya bukatar ɗumamawa, domin gidajen abincin ba za su ɗumama muku ba. Abin da ya fi yi wa mutanena aiki shi ne burodi da aka cusa wa kaza ko kifin gwangwani, dafaffen ƙwai, soyayyen nama, dabino, gyaɗa, cincin, tufa da ayaba da lemo. Shinkafa dafa-duka a ƙaramin filas mai riƙe zafi ta Hajiya ce ita kaɗai. Kada ki ɗauko babbar kula, kaya ce za ta zame muku. Jakar goyo biyu da ƙasan keken auta sun isa. Ruwa kuma kada ku saya: roba ɗaya ta kai kusan dala 4, alhali duk kantar da ake sayar da abincin gaggawa za su ba ki kofin ruwan sanyi kyauta in kin tambaya.

Wani zai ce a bar abincin a mota, in rana ta yi a fito a ci. A Magic Kingdom wannan ba ya yiwuwa. Wurin ajiye motoci yana ƙetaren tafki, sai an hau jirgin ruwa ko jirgin ƙasan nan mai tafiya a kan gada kafin a isa ƙofa, kuma kowannensu da layinsa. Zuwa da dawowa zai iya cinye muku sa'a guda ko fiye, ga fargabar a tsayar da shiga kuna waje. Abin da ba za ku iya yawo da shi ba, akwai akwatunan ajiya na haya kusa da ƙofar shiga.

Ga yadda nake tsara wa mutane yininsu. Ku karya a gida, ku isa ƙofa kafin a buɗe, domin sa'o'i biyun farko su ne layin abubuwan hawa ke da dama-dama, asara ce a ɓatar da su wajen sayen shayi. Wajen ƙarfe 9:30 a ba yara wani abu daga jaka suna kan layi. Abincin rana ƙarfe 11, ko ma saura kwata, daidai lokacin da gidajen abincin ke buɗewa kujeru na nan fayau. Za ki ce ai yunwa ba ta kama kowa ba a lokacin. Wanda ya tashi tun asuba ya yi ta tafiya zai ci, kuma sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Lokacin da jama'a suka yi dafifi a gidajen abinci ku kun gama, sai ku yi azahar, ku shiga wani wasan da ake kallo a zaune Hajiya ta huta. Abincin yamma tsakanin 4 da 4:30, kafin turmutsutsun ƙarfe 6. Rana na faɗuwa wajen 5:30 a Orlando a ƙarshen Disamba, kin ga kun ci kun natsu kafin magariba. Da dare kuma abin da ya rage a jaka ya riƙe ku har ku koma gida.

Ki sauke manhajar My Disney Experience tun yanzu, ki sa katin banki a ciki, maigida ma ya sauke a wayarsa. A cikinta akwai tsarin da suke kira Mobile Order: ki zaɓi gidan abinci, ki zaɓi lokacin da za ki zo karɓa, ki yi oda ki biya. In kun iso sai ki danna cewa kin zo, su fara haɗawa, su sanar da ke tagar da za ki karɓa. Inda mutane ke tuntuɓe shi ne jira sai yunwa ta zo kafin su buɗe manhajar, sai su tarar lokutan kusa duk an kwashe, sai bayan sa'a ɗaya ko fiye. A wannan makon ki yi odar abincin rana tun ƙarfe 8 ko 9 kuna tsaye a layin farko. Ba a fara haɗa komai sai kin danna kin iso, kuma kina iya sauya lokacin ko ki soke. In lokaci ya yi, ki tura maigida da babban yaronku su kama tebur, ke ki karɓo.

Sai gidajen abincin da ake zama a kawo wa mutum. Waɗannan sai an kama tebur tun da wuri, kuma ana buɗe kamawar saura kwana 60, wajen ƙarfe 6 na asuba agogon Florida, wato ƙarfe 5 a Houston. Teburin 22 ga Disamba ranar 23 ga Oktoba ake buɗe shi, na ranar Kirsimeti kuma 26 ga Oktoba. In a gidan haya kuka sauka, kowace rana da ranar kamawarta, sai ki tashi asuba bayan asuba. Wanda ya sauka a otal ɗin Disney shi ne ke iya kama na duk kwanakinsa, har kwana goma, a zama ɗaya tun ranar farko, shi ya sa wurare masu farin jini irin su Cinderella's Royal Table da Space 220 da Chef Mickey's kan ƙare kafin na waje su samu. Teburin mutum shida ya fi na mutum huɗu wuyar samu. In bai fito ba ki nemi na huɗu da na biyu a lokuta masu kusa da juna, ɗaya da sunanki ɗaya da sunan maigida, in kun je ku roƙa a haɗa ku. Ba dole ba ne su iya, amma sukan yi ƙoƙari. Ki sa auta a lissafi ko da ba za a saya mata komai ba, domin ita ma kujera za ta ci. Za su karɓi lambar kati, kuma in ba ku zo ba ba ku soke ba, dala 10 ake cira a kan kowane mutum. Yawancin wurare suna barin a soke har saura sa'a biyu, amma wasu kamar na cikin fadar Magic Kingdom tun farko ake biyan kuɗin duka, don haka ki karanta saƙon da za su turo miki.

Ra'ayina a nan mai ƙarfi ne: tebur ɗaya a yini ya isa, wasu ranakun ma babu. Kowane zama yana cin sa'a ɗaya zuwa ɗaya da rabi, ban da tafiya zuwa wurin da jiran a kira ku, domin a wannan makon ko da kun kama lokaci kuna iya ƙara jiran minti ashirin. Na ga iyalan da suka kama tebur uku a rana don murna, suka ƙare yininsu suna gudu daga wannan gidan abinci zuwa wancan, alhali tikiti mai tsada suka saya don yara su yi wasa. Teburin kuma ya kasance a cikin wurin da kuke a ranar. Disney World wurare huɗu ne masu nisa da juna: Magic Kingdom da aka buɗe a 1971, EPCOT a 1982, Hollywood Studios a 1989, Animal Kingdom a 1998. Tashi daga ɗaya zuwa wani don cin abinci kawai zai iya cin sa'a guda. In za ku sayi tsarin Lightning Lane na rage layi, ki duba kada lokutansa su yi karo da na abinci.

Ki kuma yi lissafin kuɗin da idonki a buɗe. A wurin Disney yaro shi ne mai shekara 3 zuwa 9. Ɗanki mai shekara 11 babba ne, kuɗin manya za a caje shi a duk inda ake biya bisa kai. Auta ba a biya mata a wuraren ɗebi-da-kanka. Mu ɗauka irin wurin nan ne da masu shigar taurarin katun ɗin yara ke zagayawa ana hoto da su, babba dala 60 yaro dala 40: manya huɗu da yaro ɗaya dala 280 ke nan. Ki ɗora harajin kashi 6.5 cikin ɗari, sannan tukwicin ma'aikata na kashi 18 da suke sawa kai tsaye a kan teburin mutum shida ko fiye. Kun tasar wa dala 350 a zama ɗaya. A gidan abincin gaggawa kuwa farantin babba yana tsakanin dala 12 da 20, kuma da yawa suna da girman da ke da ɗiyarki za ku ci ɗaya ku ƙoshi. Irin zaman nan mai tsada ku yi shi sau ɗaya don yara, ya zama abin tunawa.

Yanzu maganar halal, wadda na san ita ta fi damunki. Musulmin Amurka sun bambanta kan naman kasuwa, wasu na ci bisa hukuncin yankan ma'abota littafi, wasu ba sa ci sai yankan Musulmi. Ke da maigida kun san matsayarku, ni zan yi bayani bisa ta masu tsanantawa, domin wanda ya bi ta bai rasa komai ba. Naman da ke cikin jerin abincin yau da kullum na Disney ki ɗauke shi a matsayin wanda ba yankan Musulmi ba ne. Gidajen zama da yawa suna iya tanadar naman halal, amma sai an nema tun kafin ranar. Ki rubuta bukatar lokacin da kike kama tebur, ki kuma tuntuɓi sashensu mai kula da abinci na musamman ta shafin Disney saura mako biyu, ki ba su lambar teburinku da rana da adadinku. In kun zauna ki sake faɗa wa mai hidima, ki nemi mai dafa abincin ya fito. Wannan abu ne da suka saba, kullum suna yi wa masu cutar da ke hana cin wasu abinci, kada ki ji nauyi.

A wuraren gaggawa mafita ita ce kifi da jatan lande da abincin da ba nama. Tun 2019 Disney ke sa alamar koren ganye a gefen duk abincin da ba nama, ba madara, ba ƙwai a ciki, kuma kusan kowane gidan abinci yana da aƙalla ɗaya. Alamar ba ta ce komai kan giya ba, don haka tambaya ba ta faɗi ba. Abubuwa uku nake so ki riƙa tambaya: ko an sa giya a miya ko a ƙullun da aka tsoma kifi, domin soyayyen kifi irin na Ingila sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullunsa, ko a mai ɗaya ake soya dankali da nama, ko akwai ɓurɓushin naman alade, wanda Amurkawa ke barbaɗawa a wake da ganye da taliya ba tare da sun ɗauke shi wani abu ba. Yankakken jan naman da ke kan fiza na alade ne. Alewar nan mai laushi kamar auduga da kayan zaƙin da ake haɗawa da ita yawanci da jelatin na alade ake yi. Ƙatuwar cinyar nan da za ku ga mutane na yawo suna yaga, ta talo-talo ce, amma ba yankan halal ba ce, ki faɗa wa yaran tun kafin su fara roƙo. Abin da za ki saya musu da kwanciyar hankali shi ne gugguru, wanda in kin sayi bokitinsa sau ɗaya ake sake cika miki da 'yan daloli kaɗan, da Dole Whip, wani abin sanyi na abarba da ake sayarwa a rumfar Aloha Isle da ke Magic Kingdom.

A Magic Kingdom inda nake tura mutanena shi ne Columbia Harbour House a Liberty Square. Kifi da jatan lande ne yawancin abincinsu, kuma suna da bene da mutane da yawa ba su lura da shi ba, ya fi ƙasa shiru. Sai dai ki duba ƙarfin gwiwar Hajiya kafin ku hau. Cosmic Ray's babba ne, amma da tsakar rana hayaniyarsa ta yi yawa. Ki kuma lura da lokacin faretin rana, domin ana tare hanyoyi, in abincinku na wancan ɓangaren sai kun jira ya wuce. Animal Kingdom ya fi sauƙi. Satu'li Canteen suna haɗa kwano na shinkafa ko dankali da ganye, ki zaɓi jatan lande ko awara a kai, kuma shi ne abincin gaggawar da na fi yarda da shi ga mai ciwon suga. Kusa da wurin akwai otal ɗin Animal Kingdom Lodge mai gidajen abinci biyu da nake so: Boma, ɗebi-da-kanka na girke-girken Afirka, da Sanaa, inda ake cin gurasar Indiya da miya iri-iri ana kallon raƙuman dawa da jakunan dawa ta taga. In za ku je Sanaa ku kama na rana, da dare ba a ganin dabbobin sosai. In tebur ɗaya tak za ku kama a duk tafiyar, wannan zan ce, kuma ba a bukatar tikiti kafin a shiga. Hollywood Studios shi ne ya fi ƙarancin wurin zama idan aka kwatanta da jama'arsa, ranar ku dogara da jakarku.

EPCOT sai na ɗan ja magana. Akwai rumfunan ƙasashe 11 kewaye da tafki, zagayen ya kusa kilomita biyu, kuma daga ƙarshen Nuwamba zuwa dab da ƙarshen Disamba ana bikin abincin hutu, ana kafa ƙananan rumfuna masu sayar da ɗan loma-loma. Suna da daɗi, amma kowace da layinta, kuma ba sa ƙosar da iyali sai an kashe kuɗi sosai. Ɓangaren Maroko, wanda aka buɗe a 1984 kuma Sarki Hassan na biyu ya turo magina suka ƙawata shi, zai burge Hajiya. Amma ganin hasumiya da zanen Larabawa ba shaidar halal ba ce, tun 2020 Disney ce ke tafiyar da gidajen abincin wurin, ki tambaya kamar ko'ina. Sunshine Seasons da ke ginin The Land yana da faɗi da zaɓi da yawa. Shawarata ku zagaya ƙasashen da rana, domin da dare masu shan giya sukan yi yawa a wannan ɓangaren. Za ki kuma ga ana tallar abinci haɗe da kujerar kallon Candlelight Processional, wato karatun labarin haihuwar Annabi Isa bisa aƙidar Kirista tare da mawaƙa. In ba kallon za ku yi ba kada ki saya, kuɗin kujerar ne aka ɗora a kan abincin.

Game da Hajiya, a nan ne tsarin lokaci ya zama wajibi. Mutum kan yi tafiyar kilomita goma ko fiye a yini ɗaya a waɗannan wuraren, kuma tafiya na saukar da suga, musamman ga mai shan magani ko allura. Kafin ta taso ta ga likitanta ya tsara mata lokutan magani, domin a Disamba agogon Kano yana gaban na Florida da sa'a shida. Dabino da ƙaramin lemon kwali su kasance a jakar hannunta ita kanta, tare da na'urar gwaji, kada su zauna a jakar da maigida zai tafi layi da ita. Kowane wuri daga cikin huɗun yana da ɗakin taimakon gaggawa mai ma'aikatan jinya, kuma suna ajiye insulin a firjinsu. Na Magic Kingdom yana kusa da gidan abincin Crystal Palace. Ku samar mata keken turawa ko da ta ce za ta iya, dattawanmu ba sa son a ga gazawarsu, sai dare ya yi ƙafa ta kumbura. Ki ɗauko filas na shayi da rigunan sanyi. Da rana yanayin yakan yi daɗi, da dare kuwa sanyi na sauka, kuma a Kirsimetin 2022 sai da sanyin Orlando ya kai matakin daskarar da ruwa. Dab da ɗakin jinyar akwai ɗakin kula da jarirai mai kujerun ciyar da yara da na'urar ɗumama abinci, can za ki kai auta ta ci a natse in hayaniya ta ishe ta.

Tsarin biyan abinci tun gaba da ake kira Disney Dining Plan, wanda aka dawo da shi a Janairun 2024, na baƙin otal ɗin Disney ne kawai. Ko da can kuka sauka ban ba ku shawararsa ba. An gina farashinsa a kan mai cin nama mafi tsada yana korawa da giya, ku kuwa kifi da ganye za ku ci, kuma tukwici ba ya ciki. Shi kuma bikin dare na Mickey's Very Merry Christmas Party, wanda ke sa a rufe Magic Kingdom ƙarfe 6 ga masu tikitin yini, yakan ƙare kwanaki kaɗan kafin Kirsimeti. Ki dai duba kalandarsu ta bana kafin ki tsayar da ranar zuwa can.

Ranar 25 ga wata kada ku je Magic Kingdom. Ku je shi ranar 23, ku bar Kirsimeti ga Animal Kingdom ko ku huta a gida. Juma'ar da ta faɗo cikin kwanakinku ma ku mai da ita ranar hutu. Masallacin Islamic Center of Orlando yana kan titin Ruby Lake, ba nisa da Disney Springs, wurin shaguna da gidajen abinci na Disney, kuma a kewayensa akwai gidajen abincin halal na 'yan Pakistan da Indiya da Larabawa. Bayan an sauko ku ci nama ku more, ku yi guzurin na gobe.

In kuma kin karanta wannan bayan kwana 60 ɗin sun wuce kika tarar babu tebur, kada ki damu. Mutane na kama fiye da bukatarsu, su riƙa sokewa in lokaci ya matso don gudun dala goman nan. Ki riƙa leƙa manhajar saura mako guda, sannan da daren jajiberin ranar, sannan da safiyar ranar. Ki nemi lokutan da ba a rububi, kamar 2:30 ko 4 na yamma. In kuna tsaye kusa da gidan abinci kuma, manhajar na nuna ko suna karɓar waɗanda ba su kama wuri ba, sai ki sa sunanku su kira ku ta waya. Irin wannan teburin na gaggawa ba zai zo da naman halal ba tunda ba a sanar da su da wuri ba, don haka ranar ku yi odar kifi.